Tattara Hankali, Sanin Kai da Gyaran Zuciya ga Shugaba a Wurin Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin manajoji da shugabannin sassa da waɗanda aka ɗora wa jagorancin abokan aikinsu, musamman waɗanda suka fara jin cewa nauyin da ke kansu yana sauya musu hali. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga masu zurfi, kuma inda wata amsa ta dogara da wata an nuna lambarta.

1. Me ake nufi da tattara hankali, kuma daga ina ya samo asali?

Tattara hankali shi ne mutum ya kasance tare da abin da yake yi a lokacin da yake yin sa, yana lura da abin da ke gudana a jikinsa da zuciyarsa da kewayensa, ba tare da ya yi gaggawar yanke hukunci ba. Manajan da ma'aikaci ke yi wa bayani, alhali shi yana can yana shirya amsar da zai bayar ko yana tunanin taron da ke jiransa, jikinsa ne kawai a wurin. Idan ya farga da haka ya dawo da hankalinsa kan mai magana, to wannan fargawar da dawowar su ne ainihin aikin.

Salon da ya bazu a asibitoci da kamfanoni a yau ya faro ne a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn ya kafa wani shiri na mako takwas a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, domin marasa lafiya masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya ɗauko dabarun ne daga koyarwar mabiya addinin Buddha, ya cire musu rigar addini. A 2007 kamfanin Google ya fara irin wannan horo ga ma'aikatansa, daga nan wasu manyan kamfanoni suka bi sahu. Amma lura da zuciya ya girmi duk wannan nesa ba kusa ba: Musulmi suna da muraƙaba (jin cewa Allah yana kallon mutum) da muhasaba (yi wa kai hisabi) da khushu'i, Kiristoci suna da binciken zuciya na kowace rana wanda Ignatius na Loyola ya tsara a ƙarni na 16, shi ma Seneca, masanin falsafa na tsohuwar Roma, yakan bi ayyukansa na yini ɗaya bayan ɗaya kafin ya kwanta. Batun addini yana cikin amsa ta 8.

2. Hankalina ba ya zama wuri guda. Ni kaɗai ne haka?

Ba kai kaɗai ba ne. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard suka bi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani, sai suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin hankalin mutane yana wani wuri daban. Wurin aiki kuma yana ƙara wa abin tsanani. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, ingancin na biyun ya ragu. Shugaban da ke fita daga wannan taro ya faɗa wancan yana shiga kowanne da ragowar na baya, kuma wanda ke biyan wannan asarar shi ne ma'aikacin da ya kwana yana shirya bayaninsa amma aka saurare shi da rabin kunne.

3. Mene ne bambancinsa da sanin kai?

Tattara hankali hanya ce, sanin kai kuwa abin da ake fatan samu ne, kuma yana da fuska biyu. Ta farko ita ce mutum ya san abin da ke motsa shi: abin da yake tsoro, abin da ke harzuƙa shi, abin da yake kwaɗayi, da inda ƙarfinsa ya tsaya. Ta biyu ita ce ya san yadda mutane ke ganinsa da irin tasirin da yake yi a kansu. Zaman shiru yana taimakawa wajen ta farko, amma ba ya isa ga ta biyu. A 1955 Joseph Luft da Harrington Ingham suka kasa halin mutum gida huɗu, ɗaya daga ciki shi ne abin da kowa ya sani game da kai amma kai ba ka sani ba, kuma wannan gidan ba a buɗe shi sai da bakin wani.

Tasha Eurich, mai nazarin halayyar ma'aikata, ta ruwaito daga bincikenta cewa kusan kashi 95 cikin 100 na mutane suna ganin sun san kansu, alhali waɗanda suka cika sharuɗɗan ba su wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Ana iya jayayya a kan yadda aka auna, amma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san gaskiyar maganar. Laifi tudu ne, kowa yana taka nasa ya hango na wani.

4. Me ya sa sanin kai ke ƙara wuya yayin da matsayi ke ɗaguwa?

Dalilai biyu ne ke haɗuwa, kuma kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Na farko yana wajen mutane: da zarar ƙarin girma da hutu da albashin wani sun rataya a kan sa hannunka, ya daina faɗa maka abin da ba ka son ji. Barkwancinka yana samun dariyar da bai cancanta ba, shawararka tana wucewa babu gardama, labari mara daɗi kuma yakan iso gare ka a makare bayan an goge masa kaifi a kowane mataki. Babu wanda ya shirya yaudararka. Kowa yana kare abincinsa ne kawai.

Na biyu yana cikin shugaban kansa. A wani gwaji da Adam Galinsky da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, an sa wasu mutane su tuna lokacin da suke da iko a kan wani, sannan aka ce kowa ya rubuta harafin E a goshinsa. Waɗanda aka tunatar da iko sun fi sauran, da kusan ninki uku, rubuta harafin ta yadda su ne za su karanta shi daidai, wanda ke kallonsu kuwa ya gan shi a juye. Gwaji ne ƙarami, bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma yana nuna abin da Dacher Keltner na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya daɗe yana bayani: sauraro da kula da mutane su ne ke kai mutum ga shugabanci, sai shugabancin ya fara cinye su.

Alamomin da ya kamata su tayar maka da hankali ba su da ƙara. Ka daɗe ba ka ji wani ya ce maka ka yi kuskure ba. Idan ka shigo ofis hira takan mutu. Kai ne ke fara magana a taro kuma kai ne ke rufewa, abin da aka tsayar a ƙarshe kuma kullum shi ne abin da ka shigo da shi. Wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan a tare da shi ya duba amsa ta 5.

5. Ta yaya zan sa waɗanda ke ƙarƙashina su faɗa mini gaskiya?

Cewa "ƙofata a buɗe take" ba ya wadatarwa, domin ma'aikata ba sa auna shugaba da abin da ya faɗa, suna auna shi ne da abin da ya sami mutumin ƙarshe da ya kawo labari mara daɗi. Amy Edmondson ta Harvard ta gano a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990 cewa rukunonin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan jagoranci su ne suka fi kai rahoton kurakurai wajen ba da magani. Bayanin da ta samu shi ne sun fi sakin jiki su faɗi kuskuren, sauran kuwa ɓoyewa suke yi.

A aikace, ka yi tambaya ƙarama wadda take da amsa. "Yaya kake ganin shugabancina?" ba za ta samo maka komai ba sai yabo. Amma idan ka keɓe da mutum ka ce, "A taron jiya, wane abu ɗaya na yi da ya hana ka faɗin ra'ayinka?", sannan ka yi shiru ka jure wa shirun, mai yiwuwa ya ce ka katse shi sau biyu. A wannan daƙiƙar za ka ji ƙirjinka ya ɗau zafi, bakinka yana son ya kawo dalili. Nan ne tattara hankali ke da amfani: ka lura da zafin, ka bar shi ya wuce, ka yi godiya, ka rubuta. Bayan mako biyu ka koma ka tambaye shi ko ya ga sauyi. Idan ka kare kanka sau ɗaya kawai, labarin zai zagaya, ƙofar kuma ta rufe na tsawon lokaci.

6. Ba ni da lokacin zama in rufe ido. Akwai abin da zan iya yi?

Shirin mako takwas da aka ambata a amsa ta 1 yana neman kimanin minti 45 a rana, kuma mafi yawan binciken da ake kafa hujja da shi a kan irin wannan tsawon aka yi shi, don haka kada a yi tsammanin minti biyu za su ba da abin da minti 45 ke bayarwa. Duk da haka kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa da za a watsar bayan mako guda. Ka ware minti goma da safe kafin ka taɓa waya, ka zauna ka bi numfashinka, duk lokacin da hankali ya gudu ka dawo da shi ba tare da ka tsawata wa kanka ba. Ka bar minti biyar tsakanin taro da taro, ka rubuta abin da ya rage na wanda ya wuce domin ya sake ka. Idan wani yana magana da kai, ka kife wayar. Mai ibada a lokuta sanannu yana da waɗannan tsayawar a cikin yininsa tun asali, abin da ya rage masa shi ne ya shige su da zuciyarsa gaba ɗaya.

7. Ina da saurin fushi, kuma nakan yi nadama daga baya. Me zan yi a lokacin da abin ya taso?

Fushi yana fara bayyana a jiki kafin ya kai baki: muƙamuƙi ya ɗaure, numfashi ya gajarta, murya ta ɗaga. Wanda ya saba lura da jikinsa yakan sami 'yan daƙiƙoƙi tsakanin tasowar fushin da furta magana, kuma a cikinsu ne zaɓi yake. Ambaton abin da ake ji yana taimakawa. Binciken Matthew Lieberman na 2007 da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sanya wa motsin rai suna yana rage tashin amigdala, sashen da ke kaɗa ƙararrawar haɗari. Ka ce a ranka, "fushi nake ji, kuma a ƙarƙashinsa tsoron kunyata ne a gaban manya." Sauya yanayin jiki ma yana aiki, kuma ya zo a hadisi cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna.

Ka kafa wa kanka doka tun kana cikin sanyin rai: ba ka aika imel ko saƙon waya cikin fushi, ba ka yanke hukuncin ladabtarwa a ranar da aka ɓata maka rai, kuma ba ka tsawata wa mutum a gaban na ƙasa da shi. Idan ka karya dokar, ka nemi afuwa a gaban waɗanda suka shaida abin, domin wulaƙancin da aka yi a fili ba ya gyaruwa da ban-haƙuri a ɓoye.

8. Shin tattara hankali bai saɓa wa addinina ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma bai dace a yi wa mai yin ta kallon wanda bai waye ba. Gaskiya ne salon zamani ya fito daga koyarwar Buddha, kuma wasu masu horarwa suna haɗa shi da kalmomi ko aƙidu da Musulmi ko Kirista ba zai yarda da su ba. Amma lura da numfashi, da yin shiru kafin magana, da bin diddigin abin da zuciya ke saƙawa, babu addinin da ya mallake su shi kaɗai. Ka tambayi mai horarwa abin da za a yi dalla-dalla kafin ka shiga. Idan akwai furuci ko wani aiki da zuciyarka ba ta natsu da shi ba, ka bar shi, ka nemi fatawar malamin da ka amince da iliminsa. Mai imani ba ya buƙatar aro daga ko'ina domin ya fara, kamar yadda amsa ta 9 ta nuna.

9. Mene ne gyaran zuciya a wurin aiki, in ba wa'azi a ofis ba?

Shi ne mutum ya riƙa bincikar niyyarsa a cikin ayyukan da babu mai gani. Cututtukan da malaman tarbiyya suka daɗe suna lissafawa, wato riya da girman kai da hassada da son a yabe ka, duk suna da kamanninsu a ofis. Riya ita ce rahoton da aka ƙawata domin manya su gani alhali aikin bai kai haka ba. Hassada ita ce jinkirta takardar ƙarin girman mataimakin da ya fara haskakawa. Girman kai shi ne ci gaba da shirin da ya gaza don kawai kai ka kawo shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dokar aiki ke kamawa cikin sauƙi, shi ya sa sai mai su ne zai iya kama su.

Hanyar da aka sani ita ce muhasaba, wadda Harisu al-Muhasibi, malamin da ya rasu a Bagadaza a shekara ta 857, ya shahara da ita har ta zama laƙabinsa. A ƙarshen yini ka ɗauki hukunci ɗaya ko biyu da ka yanke ka tambayi kanka: don wa na yi wannan? Wa ya cutu da shi ban lura ba? Da wanda nake ƙauna ne ya yi wannan laifin, haka zan hukunta shi? Rubutawa ta fi tunani kawai, domin takarda ba ta bari ka zame. A fagen gudanarwa na zamani, Robert Greenleaf, wanda ya yi kusan shekara 40 a kamfanin wayar tarho na AT&T, ya kawo a 1970 ra'ayin cewa shugaba mai hidima ne da farko, ma'auninsa kuma shi ne ko waɗanda yake jagoranta suna bunƙasa. Wannan bai yi nisa da hadisin da ya ce kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin kiwonsa ba.

10. Shin bincike ya tabbatar da amfanin tattara hankali, ko talla ce kawai?

Akwai amfani, amma bai kai yadda masu tallarsa ke faɗa ba. A 2014 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka sami hujja matsakaiciya cewa yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga ya fi motsa jiki ko sauran hanyoyin magani ba. A Birtaniya, hukumar da ke tantance hanyoyin magani ta amince tun 2004 da wani salo nasa ga masu fama da ciwon damuwa mai yawan dawowa. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba: Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta tattara bayanan mutanen da dogon zaman shiru ya tayar musu da fargaba ko tsofaffin raunukan zuciya. Wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali, ko yake fama da ciwon damuwa mai tsanani, ya fara da likita.

11. Ma'aikatarmu ta kawo horon natsuwa alhali aiki ya yi mana yawa. Wannan ba rufa-rufa ba ce?

Sau da yawa ita ce, kuma a nan ne ya kamata shugaba mai gaskiya ya fi yin hattara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar aiki mai cinye mutum a matsayin abin da ke fitowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, mai alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin ƙyamar aikin ko nisanta da shi, da raguwar ƙwazo. Tushen matsalar a tsarin aikin yake. A 2021 hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya. Numfashi mai zurfi ba ya rage awa 55.

William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata 46,336 a ma'aikatu 233 na Birtaniya, ya wallafa a 2024 cewa waɗanda suka shiga shirye-shiryen da ke nufin gyara mutum shi kaɗai, irin su horon natsuwa da manhajojin waya, ba su fi waɗanda ba su shiga ba walwala. Ma'aikatar da ta rage mutane ta ninka wa sauran aiki, sannan ta aiko musu da mai koyar da haƙuri, ta ɗora musu laifin abin da ita ta jawo, kuma ma'aikata suna gane haka tun ranar farko.

Saboda haka idan kai ne shugaba, amfanin farko na natsuwarka shi ne ka ga abin da kake ɗora wa mutane. Ka duba yawan aikin, da saƙonnin da kake aikawa da tsakar dare, da hutun da ake jin kunyar ɗauka, da manajan da kowa ya san yana cin zarafin mutane amma aka ƙyale shi don yana kawo riba. Gyara waɗannan ya fi tsada kuma ya fi wuya, shi ya sa ake gudunsa. Bayan an gyara su, horon yana da wurinsa ga mai so.

12. Ni mace ce mai jagorantar sashe. Ba za a ɗauki natsuwa da sauraro a matsayin rauni ba?

Damuwarki tana da tushe, domin sau da yawa ana auna mace da ma'aunin da ba a auna namiji da shi: in ta yi sanyi a ce ba ta iya ba, in ta yi zafi a ce ta cika faɗa. Amma natsuwa ba ta hana tsauri. Za ki iya sauraron mutum har ya gama, sannan ki ce masa aikinsa bai kai ba, ki faɗi abin da ake buƙata da ranar da ake buƙatarsa, ki kuma cika abin da kika ce zai biyo baya. Mutane sun fi shakkar shugaban da ba ya ɗaga murya amma maganarsa ba ta tashi. Abin da sanin kai zai ƙara miki shi ne ki bambance lokacin da kike sassauci don adalci da lokacin da kike yin sa don gudun a ƙi ki.

13. Zan iya sa ma'aikatana su riƙa yin wannan tare da ni?

Ka gayyata, kada ka tilasta, kuma ka tuna cewa gayyatar shugaba kan zo wa na ƙasa kamar umarni. Kada halarta ta shiga cikin tantance ƙwazo, kada a tambayi wanda bai zo ba dalili, kuma a ma'aikatar da ta haɗa mabiya addinai daban-daban kada a mayar da taron aiki wurin ibadar ɓangare ɗaya. Abin da kowa zai amfana da shi ba tare da an taɓa aƙidarsa ba shi ne tsari: taro marar waya a hannu, ɗan shiru na karanta takarda kafin a fara muhawara, ƙananan ma'aikata su fara magana kafin manya, da wuri mai tsabta da lokaci ga mai son yin ibadarsa.

14. Ta yaya zan san ina ci gaba?

Jin daɗin da kake samu a lokacin zaman ba ma'auni ba ne mai ƙarfi, domin mutum na iya samun natsuwa da safe ya zalunci mutane da rana, har ma ya fara ganin ya fi waɗanda ba sa yin abin da yake yi, wanda shi ma girman kai ne irin na amsa ta 9. Ka nemi alamun a wajenka. Labari mara daɗi ya fara iso maka da wuri? An yi maka gardama a taro cikin watan nan, kuma ka sauya ra'ayi ko sau ɗaya? Tsakanin kuskurenka da neman afuwarka kwana nawa ne yanzu, idan aka kwatanta da bara? Ka koma wurin mutanen da ka tambaya a amsa ta 5 duk bayan wata uku ko shida da tambayar nan guda, ka ajiye amsoshinsu a wuri ɗaya domin ka iya kwatantawa. Idan ma'aikatarku tana yin tantancewar da ake jin ra'ayin na sama da na gefe da na ƙasa ba tare da bayyana suna ba, ka fara karanta abin da na ƙasa suka rubuta.